Kawunan Kuɓewa a Farantin Gado na Tara

Ƙarfe biyar da rabi na safe take shiga asibitin, ta ƙofar baya, wajen da ake shanya zannuwan gado. Takan rataye jakarta a ƙusa, ta ɗaura farin kallabi, ta wanke hannu har gwiwa. Kafin ta kunna wuta sai ta zagaya bayan kicin, inda ruwan wanke-wanke yake malala. Akwai bishiyar lemun tsami a wurin. Ita ta shuka ta da hannunta. Takan tsinki na ranar kawai, ta zuba a aljihun rigar aiki.

Ma'aikata suna kiranta Uwar Kicin. Ita ke dafa wa ɗakin da likita ya hana wa gishiri, ɗakin masu ciwon zuciya da masu kumburin ƙafa. Shekara talatin da uku tana wannan aikin. Ƙarshen watan jiya ta ajiye shi, saboda yatsunta sun kumbura, ba sa riƙe wuƙa kamar da. Ba a yi taro ba. Ba wanda ya tashi ya yi jawabi.

Ni kafinta ne, na tsufa na bar sana'a. Ba na yabon mutum haka kawai. Amma wannan mata a gaban jama'a na ci mutuncinta, don haka a gaban jama'a zan faɗi ko wace ce ita.

Kowane mai girki yana duba abincin da zai fita. Ita wanda ya dawo take dubawa. Kowane faranti na ɗakin nan yana da lambar gado a bayansa. In keken abinci ya dawo, takan tsaya a bakin ƙofa ta hana a zubar da komai sai ta gani. Wa ya ci, wa ya taɓa ya bari, wa bai ko ɗaga cokali ba. Wata tsohuwar nas ta ce mini sau da yawa Uwar Kicin ce ke fara sanin jikin mutum ya juya, tun kafin abin awo ya nuna. Ta ba ni labarin wani direba da ya yi mako biyu yana ɓoye gishiri a cikin hularsa. Uwar Kicin ta dangwali romon da ya rage a farantinsa ta ɗanɗana, ta aiko a ce masa ya cire hula a sha iska. Mai sharar ɗakin kuma ta ce ta ga ranar da wani malamin makaranta ya yi jifa da faranti saboda baƙin cikin ciwo. Uwar Kicin ta kwashe da hannunta, ta koma ta dafa masa wani abu dabam.

Shekara huɗu da suka wuce aka kwantar da matata a gado na tara. Zuciyarta ce. Shekara arba'in da shida muna tare. Likita ya zaunar da ni ya ce sai an yi mata aiki. Ya ce wanda ke yin aikin ba a nan yake zaune ba, sau ɗaya yake zuwa a wata uku, kuma saura mako uku ya zo.

"Baba, jikinta ba ƙarfi," in ji shi. "Dole ta ci abinci. In ta yi ƙarfi kafin ya zo, za a yi. In ba ta yi ba, ba zai taɓa ta ba."

Na ce za ta ci. Haka na faɗa, kamar ni ke da bakin.

Ba ta ci ba. Magungunan sun kashe mata baki, ga abinci ba gishiri. In aka kawo faranti sai ta kai loma ɗaya, ta juya kai.

"Malam, ɗauke. Kamar tsumma nake taunawa."

"Ki daure ki ci."

"Ka ci kai. Na ga idonka a kai tun ɗazu."

Mu goma sha ɗaya muka tashi a gidan ubanmu. Ban taɓa ganin an mayar da abinci ba, ban kuma taɓa bari an zubar da shi a gabana ba. Sai na ja labule na cinye. Gobe ma haka. In nas ta zo ta ce, "Mama ta ci?" sai in nuna mata faranti da haɓa. Ban yi ƙarya da baki ba. Da faranti na yi. Kuma ba ɓarnar abinci kaɗai nake gudu ba, gara in faɗi gaskiya. Ba na so a ce matata ta gagare ni, na ce za ta ci ba ta ci ba.

Kwana tara muna haka. Tana ramewa, takarda tana cewa tana ci. Likita ya shiga damuwa, ya sa aka ɗebi jininta sau uku ana neman wata cuta. Ina zaune ina kallo ana huda hannunta. Ban buɗe baki ba.

Rana ta goma, da tsakar rana, ɗaki cike da masu dubiya, sai ga wata gajeriyar mata mai farin kallabi ta tsaya a gefen gadonmu. Tana riƙe da faranti.

"Baba, sannu da jinya. Ko za mu ɗan fita waje in yi magana da kai?"

"Faɗi a nan. Ba ni da abin ɓoyewa."

Ta rage murya yadda mu uku kaɗai za mu ji. "Wannan farantin ba mara lafiya ce ta ci shi ba. Mara lafiya ba ta suɗe faranti. Ba ta tauna ƙashin kifi."

Ita ta rage murya. Ni na ɗaga tawa.

"Ke wace ce? Likita ce ke? Mai wanke kwano ce za ta zo ta tuhume ni? Da kin iya girki ai da ba a kai nan ba. Abincin nan naki ko akuya aka ba sai ta yi tunani. Ni da nake ci, rufa miki asiri nake yi."

Ɗakin ya yi tsit. Har mai tari ya daina tari. Na ga idonta ya kawo ruwa, na ga ta mayar da shi.

"Gaskiyarka, Baba, ba daɗi," ta ce. "Shi ya sa na zo."

Sai matata ta yi dariya, irin dariyar da ba ƙarfi a cikinta. "Ƙanwata, kin kama ɓarawo. Shekara arba'in da shida ina fama da tsohon nan, ko ƙanzo ba ya bar wa tukunya."

Uwar Kicin ta juya mini baya ta zauna a bakin gado. Ta tambaye ta me bakinta yake so. Matata ta ce ba komai. Sai ta sa hannu a aljihu ta fito da lemun tsami, ta kankare ɓawonsa da farce, ta kai shi kusa da hancinta. Matata ta lumshe ido. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Kwana goma ban ga haka ba.

"Yauwa, bakin yana nan da rai," in ji Uwar Kicin. "Da kina lafiya, me kika fi so?"

"Kuɓewa. Amma yanzu ko yauƙi na gani sai zuciyata ta tashi."

"In na kawo miki wadda ba ta yauƙi fa?"

Ban iya yin shiru ba. "Kuɓewar da ba ta yauƙi kuma wace irin kuɓewa ce?"

Ko kallona ba ta yi ba. "Wadda ba taka ba, Baba."

Daga baya na ji abin da ta gaya wa nas a hanyar fita. Ta ce gado na tara ba ta cin abinci, a daina duba faranti, a riƙa duba bakinta. Ba ta faɗi wanda ke ci ba. Har yau babu sunana a takardar kowa.

Da yamma ta kawo abincin da kanta. Shinkafa ce kamar kullum, amma a gefe ga kuɓewa guda biyar, ƙanana kamar ƙaramin yatsa, ba a yayyanka su ba, gefensu ya ɗan yi ja saboda wuta. Ƙamshin lemu ya riga faranti isowa.

Yadda take yi, na sani yanzu. Takan zaɓi ƙanana masu taushi. Ta wanke su da wuri, ta goge kowace ɗaya da ƙyalle, ta bar su su bushe sarai, domin ruwa ne ke ta da yauƙi. Ba ta yanke kan, wato guntun nan mai tauri na wajen kara, sai dai ta fere gefensa kaɗan ba tare da ta buɗe cikin ba. Kasko ya yi zafi sosai, mai ɗan kaɗan, ta jera su ba wadda ta hau wata, ta ƙyale su ba yawan juyawa. Tafarnuwa sai can ƙarshe. Ta goga ɓawon lemu a kai, koren kawai, farin cikinsa ɗaci gare shi. Ruwan lemun kuwa ba ta matsa shi sai ta sauke kasko. Tsamin shi ke tsaya wa harshe a madadin gishiri.

Ta ajiye faranti a cinyar matata. "Mama, ki riƙe ta nan, ki ciza, ki bar mini kan a faranti. Da shi zan san ke kika ci. Baba in ya ci, har kan zai haɗiye."

Ta gado na takwas ta fashe da dariya. Na yi kamar ban ji ba.

Matata ta ci ɗaya. Ta huta. Ta ci ta biyu, ta kai loma uku ta shinkafa, ta ce ya isa. Kuɓewa uku suka rage. Na zauna na cusa hannuwana tsakanin gwiwoyi, ina kallo aka ɗora su a keke aka tafi da su. Na ɗauki katako mai nauyi a rayuwata. Ban ɗauki abin da ya kai wannan zaman nauyi ba.

Kashegari kawuna biyu. Sannan huɗu. Sannan biyar, da rabin shinkafa. Tsamin yana buɗe baki, sauran abinci yana bi. Uwar Kicin ba ta bari bakin ya gaji ba. Yau ɓawon lemun zaƙi, gobe albasa da aka soya har ta yi laushi, jibi ɗan barkono in likita ya yarda. Sauran gadajen suka fara tambaya, ta ƙara kasko. Matata ta fara tashi zaune da kanta. Ta fara yi mini faɗa a kan rigata da ban canja ba, na san tana dawowa.

Ranar da likita mai aikin ya zo, aka auna ta, aka sake aunawa. Ya daɗe yana kallon takarda.

"Ta yi ƙoƙari," ya ce. "Saura kaɗan. Da mun samu ko mako guda a kan wannan, da na yi. Yanzu sai na dawo."

Mako guda. Ni kuwa kwana tara na cinye.

Da yamman nan faranti ya koma kicin ba kai ko ɗaya. Ba a jima ba sai ga ta. Ta zauna inda ta saba zama.

"Mama, yau kin mayar mini da 'ya'yana duka."

"Na gaji, ƙanwata. Wata uku fa."

"Wata uku ne, ba shekara uku ba. Kuɓewa ba ta ƙare a kasuwa ba, bishiyata ma ba ta gaji ba. Ki ci ɗaya don ni, in tafi gida da daɗin rai."

Ta ci ɗaya. Ina tsaye a bakin taga, na ba su baya. Uwar Kicin ta wuce ta kusa da ni. Ta san lissafin kwanakin nan kamar yadda na sani. Ta tura ƙofa ta fita.

Aka sallame mu mu jira a gida. Kafin mu tafi ta kira 'yarmu kicin, bayan ta tashi daga aiki, ta tsayar da ita a kan kasko har sau uku sai da ta iya. Duk mako tana ajiye mana lemu a ƙofar baya. 'Yata ke karɓowa. Hanya ce da zan iya bi da ƙafa, amma ban taɓa zuwa ba.

Bayan wata uku aka yi aikin. An yi nasara, sai dai likita ya ce zuciyar ta sha wahala a jiran. Matata ta dawo gida ta yi wata goma sha huɗu. Ta ga jikarmu ta fara tafiya. Ta shuka kuɓewa a tsohon bokiti a tsakar gida, tana zagina in na manta ban ba ta ruwa ba. A makonta na ƙarshe ta ce a yi mata kuɓewar ƙanwarta. 'Yata ta yi. Kai ɗaya ta bari a faranti.

"Malam," ta ce, "ka je ka ba matar nan haƙuri."

"Zan je."

"Na san 'zan je' ɗinka. Gyaran ƙofar bayi ma, shekara shida kana zuwa."

Da safiyar Talata ta rasu, rana ta fito, tana riƙe da hannun rigata. Allah ya jiƙanta.

Ban je ba. Shekara biyu da rabi ban je ba. A tsakani ni ma likita ya hana ni gishiri, na koma ina tsayawa a kan kasko ina yin abin da na raina. Sai ran nan 'yata ta ce, "Baba, na ji Uwar Kicin za ta ajiye aiki ranar Alhamis. In ba ka je yanzu ba, ina za ka gan ta?"

Ranar Alhamis na soya kuɓewa biyar da hannuna, na rufe faranti da wani faranti, na ɗaure da ƙyalle. Na same ta a bayan kicin, ƙarƙashin bishiyar, a kan wani benci mai ƙafa ɗaya gajeriya. Ta tsufa fiye da yadda nake tsammani. Ta kalle ni, ta kalli ƙullin.

"Gado na tara," ta ce. "Na ji rasuwar Mama. Na yi kuka, Baba."

Maganar da na shirya a hanya ta gudu. Na miƙa mata faranti. Ta kwance da ƙyar saboda yatsun, ta ɗauki ɗaya ta ciza, ta tauna a hankali.

"Ka matsa lemun tana kan wuta."

"An ce a ƙarshe."

"Ƙarshe bayan an sauke. Kai har kuɓewa ba ka jin magana a kanta."

Duk da haka ta ci gaba da ci. Na tsaya a kanta kamar mai jiran hukunci. Daga nan na faɗa.

"Na yi miki rashin mutunci a gaban mutane. Ke ce da gaskiya. Ki yafe mini."

"Tun a ranar na yafe. Tsoro ne ya yi magana, ba kai ba."

Sai na tambaye ta abin da ban taɓa tambayar kowa ba, ko 'yata. Na ce kwana taran nan, da ban ci ba, da tana nan?

Ba ta lallashe ni ba. Da ta yi, da ban yarda ba.

"Ban sani ba, Baba. Likita ma bai sani ba. Amma ba kai kaɗai ke ɗauke da su ba. Kwana tara farantin nan yana dawowa gabana fes, ina murna, ina cewa gado na tara ta fi kowa. Aikina ne in gane, ban gane ba sai rana ta goma. Da na ɗaga shi na duba a rana ta biyu..." Ta goge ido da bakin kallabi. "Tun daga nan, farantin da ya dawo fes shi na fi jin tsoro. Mutum bakwai na kama bayanka. Miji, uwa, har wata kaka. Duk a rana ta biyu ko ta uku."

Na zauna a ɗaya gefen bencin. Ya karkata. Ni na zo neman a sauke mini kaya, ashe shekara huɗu tana riƙe da ɗaya bakin.

Uwar Kicin, ke ce kika ciyar da waɗanda bakinsu ya mutu kafin jikinsu. Ke ce mai karanta faranti. An hana ki gishiri, kika shuka bishiya. An zage ki, kika koma kika kunna wuta. Wata goma sha huɗun da na samu da matata, likita ya yi nasa, amma ke kika kai ta hannunsa, kuɓewa biyu yau, huɗu gobe. Ba ni da abin ba ki. Bencin nan na gyara masa ƙafa ranar Asabar, ko da yake ba ke za ki zauna a kai ba.

Ga waɗanda suka gaje ta a kicin ɗin nan: kada ku sare bishiyar. Kada ku bari a zubar da faranti kafin ku gani. Ga duk mai wani aiki, ko wane iri ne: kada ka tsaya a kan abin da ya fita daga hannunka, ka je ka ga yadda ya dawo. Ga masu jinya kuma, musamman tsofaffi masu taurin kai irina: in naka bai ci ba, ka bar abincin ya koma yadda yake. Kunyar ba ta kai abin da za ka ɗauka daga baya ba.

Na gode, Uwar Kicin. Allah ya sassauta miki yatsun nan, ya ba ki mai dafa miki yadda kika dafa wa mutane.

Ranar nan ta cinye kuɓewata duka biyar, da ɗacinta da komai. Ta jera kawunan a bakin faranti ta miƙo mini. Na ɗaure na kawo gida.

Ban ci su ba.